Warin Majema da Mikin Ƙirji

Wanda duk ya bi ta Sharada ko Challawa da bazara, tun bai hango bututun masana'anta ba hancinsa zai gaya masa inda ya ke. A nan kamfanonin jima suka fi yawa, inda a ke tsoma fatun awaki da na tumaki cikin ruwan farar ƙasa da magunguna masu kaifi har gashi ya saki. Ruwan da Sharada ke zubarwa ya kan bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi Getsi ya gamu da Jakara. Saboda haka, in mutumin unguwannin nan ya yi miki ya ƙi warkewa, abin da a kan fara zargi shi ne wari, a ce mugunyar iska ce ta shige shi. Ga ƙaramin rauni wannan zato ba ya jawo wata babbar hasara. Amma ga wanda aka tsaga wa ƙirji aka yi masa aiki a zuciya, zato ne mai hatsari, domin yana sa a tsare taga alhali ɓarawo yana kwance cikin ɗaki.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin zuciya na attajirai ne da tsofaffi kaɗai. A ƙasashenmu da yawa daga masu bukatarsa samari ne da 'yan mata, 'ya'yan talakawa. Asalin abin ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya, wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa a gidajen da yara suka cunkushe ɗaki ɗaya. In ba a kashe ta da penisilin ba, wani yaron jikinsa ya kan tashi yaƙi da ita, yaƙin ya wuce gona da iri ya taɓa 'yan ƙyamaren nan na cikin zuciya masu buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya. Shekaru na tafiya ƙyamaren na taurara ko suna yoyo, har ran nan saurayi mai shekara ashirin da biyar, lebura a Bompai, ya ga ba ya iya ɗaukar buhu sai da haki, ƙafafunsa kuma sun kumbura. In abin ya kai haka, sau da yawa sai an buɗe an gyara ƙyauren ko an sa na ƙarfe.

Aikin da kansa ba tsoho ba ne. Ran 6 ga watan Mayu, 1953, Likita John Gibbon na Filadelfiya a Amurka ya fara cin nasara da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu har a gama gyara. A Nijeriya kuwa a Asibitin Koyarwa na Inugu aka fara, cikin 1974, da hannun Magdi Yakub, Bamisire mazaunin Ingila, tare da Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa. Tun daga nan mutanen Kano masu wannan larura su kan nufi Abuja, ko Ikko, ko Alƙahira, ko Indiya, bayan dangi sun sayar da fili da gona. Marasa ƙarfi da dama daga ƙasashen Afirka sun sami aiki kyauta a asibitin Salam da ke kusa da Khartum, wanda wata ƙungiyar Italiya mai suna Emergency ta buɗe cikin 2007, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin 2023 ya tsuke wannan hanya. Ko ina aka yi aikin, abu ɗaya ne ke biyo baya: bayan mako ɗaya ko biyu a sallami mutum, ya komo gida da ɗinki mai tsawon taƙi a ƙirji, likitan da ya ɗinke shi kuwa yana can nesa.

Ya kamata a san yadda yankan ya ke, don a gane abin da a ke tsoro. Zuciya tana bayan ƙashin nan mai faɗi na tsakiyar ƙirji, wanda haƙarƙari ke haɗuwa da shi dama da hagu. Likita ya kan raba ƙashin biyu daga sama har ƙasa da ɗan zarto, hanyar da wani likita mai suna Herbert Milton ya fara bayyanawa a asibitin Ƙasarul Aini na Alƙahira cikin 1897. In an gama, sai a haɗa ɓarin biyu a ɗaure su da wayar ƙarfe marar tsatsa, wajen ɗauri shida ko takwas, sa'an nan a ɗinke nama da fata a bisa. Fata ta kan haɗe cikin kwana goma ko mako biyu, har mai ita ya ga kamar ya warke. Ƙashi kuwa sai ya yi mako shida zuwa takwas kafin ya kama, wata uku kafin ya yi ƙwari sosai. A tsakanin nan wayoyin ne kaɗai ke riƙe da shi, ga shi kuwa ƙirji ba ya hutawa, kowane numfashi yana motsa shi.

In ruɓa ta tsaya a fata, abin da sauƙi. Wadda ke razana likitoci ita ce mai gangarawa ta kama ƙashi, ta tara mugunya a bayansa, daidai inda zuciya da manyan jijiyoyin jini su ke. A manyan asibitocin duniya wannan ya kan sami mutum ɗaya zuwa uku cikin 100 da aka yi wa aiki. Kaɗan ne a lissafi, amma cikin waɗanda ta kama, littattafan likita suna ƙiyasta mutuwar ɗaya cikin goma har zuwa ɗaya cikin huɗu. Wanda ya tsira kuwa sai an sake buɗe shi, an kankare ruɓaɓɓen ƙashi, wani lokaci a jawo tsokar ƙirji a toshe ramin, ya yi makonni a kwance ana ɗura masa magani ta jijiya. Gidan da ya sayar da gonarsa don aikin fari ba shi da wata gonar ta biyu.

Zargin wari ba mutanen Sharada suka fara shi ba. Likitocin Turai kansu sun yi ɗaruruwan shekaru a kan cewa ɗoyi ke ruɓar da rauni. Abin mamaki, ruwan ƙazanta ne ya nuna wa Joseph Lister hanya. Yana aiki a asibitin Gilasgo ta ƙasar Sikotlan sai ya ji labarin garin Carlisle, inda a ke zuba wani magani mai suna kabolik cikin ruwan kwata don kashe ɗoyinsa. Ya riga ya karanta binciken Louis Pasteur na Faransa, cewa waɗansu halittu ne ƙanana, da ido ba ya gani, ke sa abu ya ruɓe. Cikin Agusta 1865 aka kawo masa yaro ɗan shekara 11 da keken doki ya taka, ƙashin ƙafa ya karye har fata ta huje. A zamanin, irin wannan karaya sau da yawa ƙarshenta yanke ƙafa ne ko kabari. Lister ya lulluɓe raunin da ƙyalle jiƙe da kabolik, yaro ya warke ya taka da ƙafarsa. Ya buga labarin cikin 1867. To, amma shi ma da sauran tsoron iska a ransa, har ya ƙago wata na'ura mai fesa kabolik cikin ɗakin fiɗa, ya yi shekaru yana shaƙe kansa da mataimakansa da ita. Cikin 1890 ya bar ta, ya yarda cewa hannu, da kayan aiki, da fatar majinyaci su ne abin kula.

Wanda ya gano babbar mai laifin shi ne Alexander Ogston na Aberdeen. Cikin 1880 ya duba mugunya da madubin likita, ya ga ƙwayoyi sun yi curi-curi kamar nonon inabi, aka sa musu suna sitafilokokas. Su da danginsu ne ke kan gaba wajen ruɓar da ɗinkin ƙirji har yau. Gidansu kuwa ba kwatar Challawa ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da mafi mugunsu cikin hancinsa, lafiyarsa lau, bai sani ba. Daga hanci su sauka a yatsa, daga yatsa su hau fata, suna jiran ranar da za a buɗe musu ƙofa. Da ɗan gari a kan ci gari.

Don haka asibitin da ya san aikinsa tun kafin ranar fiɗa ya ke fara yaƙi. A kan goga auduga cikin hancin majinyaci a kai ɗakin gwaji. In an sami ƙwayar, sai a ba shi wani man shafawa mai suna mupirosin ya riƙa sa wa cikin hanci har kwana biyar, yana wanka da sabulun kulohezidin. Wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasar Holan, aka buga cikin 2010, ya nuna wannan ɗan aiki ya rage kamuwa da ƙwayar daga kusan mutum 8 cikin 100 zuwa 3 da ɗoriya. Cikin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari 29 a kan tsare raunin tiyata, ta sa wannan a ciki ga masu aikin zuciya, ta kuma bayyana cewa a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi mutum 11 cikin 100 da aka yi wa tiyata su kan kamu da ruɓa.

Cikin shawarwarin akwai wadda za ta ba wanzamai mamaki: kada a aske gashin ƙirji da aska ko reza. Komai gwanintar mai aski, kaifi ya kan bar 'yan ƙananan yanka da ido ba ya gani, kafin gari ya waye ƙwayoyi sun yi sansani a cikinsu. In gashi zai hana aiki, da injin aski a ke rage shi, dab da shiga ɗakin fiɗa. Majinyacin da ya tafi wurin wanzami jajibirin aiki don ya je wa likita tsaf, ya yi wa kansa ɓarna da kyakkyawar niyya. Haka kuma allurar kashe ƙwayoyi, lokacinta ya fi yawanta muhimmanci. Ana so ta shiga jini jim kaɗan kafin wuƙa ta taɓa fata, yawanci cikin sa'a guda, a daina ta bayan kwana ɗaya ko biyu. Ci gaba da ita mako da makonni ba ya ƙara tsaro, sai dai ya koya wa ƙwayoyi yadda za su gagari magani.

Sai maganar sukari, wadda ta fi shafar manya da a ke yi wa aikin toshewar jijiyoyin zuciya. In sukari ya yi yawa cikin jini, dakarun jiki masu cinye ƙwayoyin cuta su kan yi sanyi, nama kuma ya yi nawar haɗewa. A garin Portland na Amurka, Likita Anthony Furnary da abokansa suka riƙa ɗura wa masu ciwon sukari insulin ta jijiya ba yankewa a kwanakin farko na bayan aiki. Rahotonsu na 1999 ya nuna ruɓar ƙashin ƙirji ta sauka daga mutum 20 cikin 1,000 zuwa 8. Mai ciwon sukari da ya dawo gida 'yan dubiya suna ta jera masa lemon kwalba da fura mai zaƙi, gara ya karɓa ya gode ya miƙa wa yara. Mashayin taba kuwa, ana so ya bar ta aƙalla mako huɗu kafin aiki, don tana tsuke jijiyoyin da ke ciyar da rauni, tana kuma gadar da tari.

Ba a ce masana'anta ba ta taɓa yin laifi ba. Cikin 2015 likitocin Zurich ta ƙasar Suwizalan suka bayyana wata baƙuwar cuta, 'yar'uwar tarin fuka, da ke fitowa ga waɗansu majinyata watanni ko shekaru bayan aikin zuciya. Da aka bi sawu sai aka tarar tana zaune cikin tankin ruwan wani inji da a ke ajiyewa a ɗakin fiɗa don ɗumama jini da sanyaya shi, fankar injin tana busa ta cikin ɗaki. Aka ci gaba da bi har masana'antar da ke ƙera injin a Jamus, aka sami irinta cikin ruwan wurin. Ko a nan ma, in an lura, ba wari ya nuna ta ba. Ruwa ne garai-garai, ba ɗoyi ba launi.

Wannan ya kawo mu ga ruwan gida, inda mutumin Sharada ke da tasa matsala. Gidaje da yawa a unguwannin ma'aikata da ruwan 'yan garuwa su ke wanka, ko na rijiyar da ke maƙwabtaka da masai da kwata. Lafiyayyar fata ba ta damu ba, amma sabon ɗinki ƙofa ne a buɗe. Ruwan da zai taɓa shi a tafasa shi a bar shi ya huce cikin mazubi mai murfi, a kwarara a bisa da sabulu marar ƙamshi, kada a cuɗa da soso, sa'an nan a tsane da tawul ɗin da ba a tarayya da kowa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyi, amma ba ta fitar da gubar jima, saboda haka ruwan da ya haɗu da na kamfani a nisance shi ɗungum. Gashi da ruwan zafi, wanda a ka saba yi wa mai jego da mai targaɗe, ba wurinsa ba ne nan. Haka man shanu, da toka, da garin saiwa, da farin garin kafso da a kan ɓare a barbaɗa. Wannan na ƙarshe ya fi ruɗi don ya fito daga kemis, alhali ba abin da ya ke yi sai ya yi ɓawo a sama mugunya ta taru a ƙasa.

Dubiya kuwa hakki ce, ba mai cewa a rufe ƙofa. Amma mutumin da ya yi musafaha da mutum arba'in tsakanin azahar da magariba, sa'an nan ya sa hannu cikin riga ya sosa ɗinki don yana ƙaiƙayi, ya tara wa mikinsa hancin unguwa guda. Buta da sabulu a bakin ƙofa sun isa, tare da wani dattijo da zai iya cewa mai mura ya gaisa daga zaure. Abokan aiki da suka biyo daga kamfanin jima da kayan aikinsu a jiki, bayan sun yini cikin ɗanyar fata, su ma zauren ya ishe su. Kada kuma a riƙa ɗaga riga ana nuna wa kowa aikin likita.

Duk wannan mai yiwuwa ne ga gidan da ke da mai kula. Abin da ya fi wuya shi ne nauyi. Likitoci su kan hana mai sabon ɗinki ɗaukar abin da ya wuce kilo huɗu ko biyar har mako shida ko takwas, aikin ƙarfi kuwa sai bayan wata uku. Jarkar ruwa guda ta mai garuwa ta kai kilo 25, buhun siminti 50, aikin lebura a Bompai da Challawa kuwa ɗauka ne da turawa daga safe har yamma. In aka yi wa ƙashi lodi tun bai kama ba, wayoyi su kan yanke shi kamar yadda zare ke yanka sabulu, ɓarin biyu su soma gogar juna, tsakaninsu ya tara ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har tashi daga tabarma da dogara hannu biyu a ƙasa yana yin wannan ɓarna, shi ya sa gado mai tudu ko kujera ya fi masa, salla ma daga zaune a makonnin farko. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu suna kawo tari, tari kuma yana fizgar waya, don haka a ke koya wa majinyaci rungume matashi a ƙirji in zai yi.

Ga inda lissafi ya ƙi daidaita. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci haƙƙin albashin kwana 12 na aiki cikin shekara in likita ya shaida rashin lafiyarsa. Ƙashin ƙirji yana neman wajen kwana 90. Leburan da a ke ɗauka kullum a bakin ƙofa a biya shi da yamma, ko sha biyun nan da wuya ya gani. Sharada da Bompai kuwa ba kamar da ba ne, kamfanoni da yawa sun rufe tun daga shekarun 1980 da 1990 saboda rashin wuta da kwararar kayan waje, wanda ya bar gurbinsa mako guda zai tarar da wani a ciki. Mutum ba don jahilci ya ke komawa aiki a mako na uku ba, yunwar gida ce ke kora shi. Dangin da suka haɗa kuɗin jirgi da na asibiti, suka manta da abincin wata uku na bayan sallama, ba su gama lissafin aikin ba. Mai kamfanin da ya mai da irin wannan ma'aikaci bakin ƙofa ko wurin ƙidayar kaya na ɗan lokaci, abin da ya kashe bai kai kuɗin koyar da sabon hannu ba.

Ruɓar nan yawanci cikin mako na biyu zuwa na huɗu ta ke bayyana, wato daidai lokacin da aka bar asibiti hankali ya kwanta. Alamunta ba ɓoyayyu ba ne: zazzaɓi, zafi da kumburi a bakin ɗinki, ruwa ko mugunya na tsattsafowa, ciwon da ya soma sauƙi ya dawo yana ƙaruwa, ko mutum ya ji ƙashin yana ƙas-ƙas in ya yi tari ko ya juya. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai a ga wurin ya ƙara duhu yana sheƙi. A Kano kowane zazzaɓi na sauro a ke fara kiransa, a sha magani kwana uku ana jira, kwana ukun nan kuwa sun ishi mugunya ta kai bayan ƙashi. Ga mai ƙyauren ƙarfe abin ya fi tsanani, don ƙwayar da ta shiga jini ta kan je ta liƙe a jikinsa, ga shi kuma yana shan maganin tsinka jini wanda magungunan kemis da yawa ke rikita shi. Irin wannan majinyaci, ranar da ya ga alama ranar zai nufi babban asibiti mai likitocin zuciya, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya, riƙe da takardar sallamarsa mai bayanin irin aikin da aka yi masa da magungunan da ya ke sha. A can za a ɗebi jini da ruwan mikin a kai gwaji kafin a ba shi kowane magani, a kuma ɗauki hoton ƙirji a ga ko wayoyin suna nan inda aka ɗaure su.